Kaset ya dawo kasuwa a Turai, namu yana ruɓewa a ƙarƙashin gado

Makon jiya na shiga aji da kaset a aljihu. Na ɗaga shi sama, na tambayi yara ko akwai wanda ya san mene ne wannan. Wani yaro ya ce memori ne na mutanen da. Wata yarinya ta ce ta taɓa ganin irinsa a ɗakin kakarta, an tokare ƙafar tebur da shi. Muka yi dariya, muka ci gaba da darasi.

Abin da ban gaya musu ba shi ne kaset ɗin ba na waƙa ba ne. Muryar kakata ce a ciki, Allah ya jiƙanta. Wasiƙa ce ta baki da ta aika wa babana lokacin da yake neman kuɗi a Abijan, tun da ita ba ta rubutun boko. Kaset ɗin yana hannuna, amma ba ni da abin da zan saurare shi da shi. Na kai tsohuwar rikodar gidanmu wajen mai gyara, ya buɗe ya nuna mini robar da ke juya ta ta narke kamar cingam. Ya ce in nemo wata matacciyar rikoda irinta a cire mata tata. Har yau ina nema.

A daidai wannan lokaci da nake yawon neman roba, labarai daga Turai da Amurka cewa suke kayan sauti na da sun dawo. Wannan dawowar ta sake tayar da tsohuwar gardama: shin kwafar waƙa a gida sata ce ko ba sata ba ce? Mu mutanen zango muna da ta cewa a nan, don da kwafi muka girma, kuma akwai abin da za mu yi asara in muka tsaya kallo.

Me ya dawo, kuma a wajen wa?

Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ce a 2022 an sayar da baƙin faifai irin na garmaho miliyan 41 a ƙasar, faifan CD kuwa miliyan 33. Rabon da baƙin faifai ya wuce CD a yawan ciniki tun 1987. A Birtaniya, ƙungiyarsu ta BPI ta ce an sayar da kaset kusan 195,000 a wannan shekarar, adadin da ba a ga irinsa ba tun 2003. Akwai kamfani a garin Springfield na jihar Missouri, National Audio Company, da ke yin sabon zaren kaset har yanzu. Kamfanoni irin su FiiO na Sin da We Are Rewind na Faransa sun fito da sababbin 'yan ƙananan na'urorin sauraron kaset masu kama da Walkman ɗin da Sony ya fitar a 1979.

Amma kada lambobin nan su ruɗe mu. A wannan shekarar ta 2022, kashi 84 cikin ɗari na kuɗin waƙa a Amurka daga saurare ta intanet ya fito. Sannan wani bincike na kamfanin Luminate ya gano cewa rabin masu sayen baƙin faifai a Amurka ne kawai ke da na'urar juya shi. Sauran rabin saye suke su jingina a kanta, ko don nuna ƙauna ga mawaƙi.

To me suke nema? In ka tambaye su, da yawa za su ce sautin da ya fi daɗi. A kan kaset dai wannan magana ba ta tsayuwa. Zarensa bai kai milimita 4 ba a faɗi, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, ga shuuu ɗin nan da ba ya rabuwa da shi. In batir ya yi sanyi sai muryar mawaƙi ta koma kamar ta mai jin barci. Lou Ottens, injiniyan Philips da ya jagoranci ƙirƙiro kaset a 1963, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 94, shi kansa bai ga dalilin wannan ɗoki ba, yana ganin CD ya fi kaset sauti nesa ba kusa ba.

A ganina abin da mutane ke kewa shi ne mallaka. Wanda ke biyan Spotify ko Boomplay duk wata haya yake yi. Ranar da bai biya ba, ko datarsa ta ƙare, ko kamfani ya saɓa da mawaƙi aka cire waƙar, ya tashi a tutar babu. Kaset kuwa naka ne. Ka ara wa aboki, ka gada daga babanka, in zare ya fito ka sa biro ka naɗe shi. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wannan shi ne abin da bana ta rasa.

Gardamar da ta girme mu

Tun ranar da aka sa wa rikoda jan maɓallin ɗauka rigima ta fara. A 1981 BPI ta ƙaddamar da gangami a Birtaniya cewa ɗaukar waƙa a gida yana kashe waƙa. Tambarin gangamin kaset ne da aka zana kamar ƙoƙon kan mutum, da ƙasusuwa biyu a gicciye ƙarƙashinsa. Kamfanonin waƙa suka kai kamfanin Amstrad kotu saboda yana sayar da rikoda mai baki biyu, wadda ake kwafa daga kaset zuwa kaset. A 1988 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta ce mai ƙera na'ura ba shi da laifin abin da mai saye ya yi da ita. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta yanke irin wannan hukunci a 1984 a shari'ar bidiyon Betamax na Sony, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu.

Jamus ta Yamma ta bi wata hanya tun 1965. Ta ce tun da ba za a iya sa ɗan sanda a kowane ɗaki ba, a bar mutane su kwafa don amfanin kansu, amma a ɗora ɗan haraji a kan na'urar ɗauka, a raba wa masu waƙa. Ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Amurka ta yi tata dokar a 1992, ta sa haraji a kan na'urorin ɗauka na dijital. Birtaniya kuwa sai a 2014 ta halatta wa mutum ya kwafi faifan da ya saya da kuɗinsa zuwa wayarsa, amma ba ta sa harajin ba. Masu waƙa suka kai ƙara, a 2015 kotu ta soke dokar. Ka ji fa, a ƙasar da aka fara wannan gangami, har yau maganar ba ta mutu ba.

Waƙa dai ba ta mutu ba. Bayan kaset sai CD ya zo, kamfanonin suka samu kuɗin da ba su taɓa samu ba a shekarun 1990. Wannan ya sa wasu ke yi wa gangamin 1981 dariya. Sai dai abin da ya faru a Landan daban ne da abin da ya faru a Kumasi.

Mu a nan yaya aka yi?

A Ghana kaset ya zo ya tarar da masana'antar faifai tana ciwo. Tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, kayan buga faifai suka yi wuya, sannan bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fitar dare da ta ɗauki sama da shekara biyu, ta kashe wa makaɗa kasuwar dare. Da yawa suka bar ƙasar, wasu Legas, wasu Jamus, wasu Ingila. A cikin wannan hali 'yan rumfunan kwafi suka cika gari. Ka kai kaset marar komai, ka faɗi waƙoƙin da kake so, ka biya, gobe ka zo ka karɓa. Mai rumfa ya samu, kai ka samu, wanda ya yi waƙar ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnati ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1985, PNDC Law 110. A farkon shekarun 1990 aka fito da 'yar takardar shaida da ake mannawa a jikin kaset na halal, wadda ake kira bandarol. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Act 690 ta 2005. Ta ba da dama ga kwafi don amfanin kai, ta kuma bi hanyar Jamus: akwai haraji a kan kayan kwafi da ake shigowa da su, kwastan ke karɓa a tashar jiragen ruwa, a raba ta hannun ƙungiyoyin masu haƙƙi, irin su GHAMRO da aka kafa a 2011 don masu waƙa.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: nawa ne daga wannan kuɗi ke isowa zango? Tsarin yana biyan wanda ya yi rajista ne, aka san sunansa da sunan waƙoƙinsa. Mai goge da ya yi shekara arba'in yana wasa a gidajen biki, da mai begen Annabi da ake ɗaukar muryarsa duk Maulidi, da matar da ke waƙar amada, in sunansu ba ya cikin littafi, babu abin da zai same su. Alhali duk wanda ya taɓa sayen faifai marar komai bayan an sa harajin, ya zuba nasa a wannan asusu.

Amma gaskiya ɗaya ce, in ba don kwafi ba, da waƙar Hausa ba ta iso mu yadda ta iso ba. Wane kamfani ne zai buɗe shago a Nima ko Aboabo don ya sayar mana da Mamman Shata? Direbobin manyan motoci da fataken goro da alhazai su ne suka riƙa shigo da kaset ɗaya, kafin wata ya ƙare ya haifi ɗari. Ta haka muka san Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge. Yaron da aka haifa a zango, yana jin Turanci a makaranta, Twi a kasuwa, a kaset ɗin nan ya ji Hausa mai zurfi da karin magana. Su kuma makaɗan nan, galibin samunsu daga kyautar iyayen gida ne da liƙi a filin wasa, don haka yaɗuwar kaset suna ta ƙara musu. Wanda kwafi ya fi cuta shi ne wanda ya zuba jarinsa a sutudiyo yana jiran ciniki ya mayar masa, kamar mawaƙan zamani da masu fim na Kano. Wannan cutar ba ta tsaya ba, rumfar ce kawai ta sauya. Yau kwamfuta ce a kan tebur, ana tura wa mutane waƙa ɗari biyar a memori a kan kuɗin da bai kai na kwanon waake ba.

Haka kaset ɗin wa'azi da na karatun Alƙur'ani. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da ƙira'ar Abdul Basit duk ta wannan hanya suka shiga gidajenmu, kuma masu wa'azi da yawa so suke a yaɗa. Wannan ya sa muka taso da tunanin cewa duk abin da ke cikin kaset na kowa ne. Amma izinin da malami ya bayar a kan karatunsa bai hau kan gumin wani ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kiyaye, bai halatta a ci shi ba. Wanda bai yarda da kiɗa ba ma, hukuncin ya shafe shi ta wajen littafi da karatu da wasan kwaikwayo.

Kwafin da ya ceci mai waƙa

Ga wani labari da ya kamata masu gardamar nan su riƙe. A 1994 wani mutumin Kumasi, Yaw Atta-Owusu, wanda ake kira Ata Kak, ya fitar da kaset mai suna Obaa Sima da ya ɗauka a Toronto ta Kanada. Kusan kwafi 50 aka buga, kuma bai yi kasuwa ba. A 2002 wani ɗalibi Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya sayi ɗaya a wata rumfar bakin hanya a Cape Coast. A 2006 ya sa shi a shafinsa na Awesome Tapes From Africa, ba tare da izini ba, don bai ma san inda mai waƙar yake ba. Ya yi shekaru yana nemansa har ya same shi. Da aka zo sake fitar da waƙoƙin a 2015, sai aka tarar asalin ɗaukar da ke hannun Ata Kak ta lalace. Daga kaset ɗin nan na bakin hanya aka ɗauko sautin. Bayan haka Ata Kak ya zagaya ƙasashen Turai yana wasa, kuma tsarin kamfanin shi ne raba riba biyu da mai waƙa.

Makamancin haka ya faru a Nijar da Mamman Sani, mai kiɗan ogan, wanda ya ɗauki kiɗansa a 1978 aka buga a kaset kaɗan. Kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a baƙin faifai a 2013, duniya ta san shi.

Akwai masu sukar irin waɗannan kamfanoni, suna cewa me ya sa sai Bature ya zo ya tsinci abinmu a bola kafin ya yi daraja? Suka ce mai kyau, amma rabinta kanmu take dawowa. Wa ya zubar a bolar?

Manyan kamfanoni kuwa ba su sassauta ba. A 2023 Universal da Sony da wasu suka kai Internet Archive kotu a Amurka saboda aikinta na kwafe tsofaffin faya-fayan garmaho tana sa su a intanet kyauta, suna neman diyyar ɗaruruwan miliyoyin daloli. An sasanta a 2025. Wato ko mai kwafa don adanawa bai tsira daga shari'a ba, in ya wuce adanawa ya shiga rabawa.

Lokaci ya ƙure

Abin da ya fi damuna ke nan. A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa abin da ke kan zaren maganaɗisu, kaset na ji da na kallo, yana cikin haɗari, don na'urorin juya su da kayan gyaransu za su ƙare wajen 2025. Shekarar ta zo. Sababbin na'urorin da ake yi don masu sha'awa ba su kai na da inganci ba, masu gyara kuma suna tsufa, yaransu sun koma gyaran waya.

Ga yanayinmu kuma. Zafi da laima su ne manyan maƙiyan kaset: zare ya manne, ya yi fumfuna, ɗan soson da ke danne shi ya faɗi. Ko wuraren da aka tanada don adanawa ba su tsira ba. A 2011 ambaliya ta shiga gidan adana kayan kiɗa na BAPMAF da Farfesa John Collins ya kafa a Accra, ta yi ɓarna. To ina ga jakar Ghana-mos-go da ke ƙarƙashin gado a ɗakin da ke yoyo?

Waƙoƙin Shata da suka yi suna ba za su ɓace ba, suna YouTube. Abin da zai ɓace shi ne wanda kwafinsa ɗaya ne tak a duniya: tafsirin limamin unguwarku da ya rasu, naɗin sarkin zango, waƙar bikin iyayenku, tarihin yadda kakanni suka taso daga Kano ko Sakkwato ko Katsina da fataucin goro har suka zauna a Salaga da Kumasi, wasiƙun baki irin ta kakata. Mu tsiraru ne a ƙasar nan, kaɗan ne daga tarihinmu ya shiga littafin makaranta. Da yawansa a kaset yake.

Mu raba kwafi gida uku

Gardamar tana cakuɗewa ne saboda ana kiran abu uku da suna ɗaya. Akwai kwafin gida, mutum ya mayar da abin da ya mallaka zuwa wayarsa don ya ji. Wannan dokarmu ta ba shi dama, kuma ban ga wanda aka zalunta ba. Akwai kwafin kasuwa, mutum ya tara gumin wasu yana sayarwa, ko ya zuba a YouTube yana karɓar kuɗin talla, magada ba su sani ba. Wannan cin haƙƙi ne, ko da mai waƙar ya daɗe a kabari, don a dokar Ghana haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sai kwafin ceto, wanda ake yi don kada abu ya salwanta. Wannan a yau ya zama dole a kanmu.

Kuma ba wani aiki ne mai wuya ba. A nemi rikoda mai lafiya, a fara gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, kada ta cinye mai muhimmanci. A goge kan da ke karanta zaren da auduga da ɗan sifirit. A duba 'yan kunnuwan nan biyu na saman kaset, a karya su, don kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya shafe komai. A haɗa rikodar da kwamfuta ta waya, a ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. A ajiye a tsarin WAV, kada a dogara da turawa ta WhatsApp, don yana matse sauti. A rubuta sunan mai magana da wuri da shekara tun masu sani suna raye. A ajiye a wuri biyu ko uku, kuma kada a yar da kaset ɗin bayan an gama. Kafin a sa a intanet, a nemi yardar iyalan mai muryar. In kuɗi ya shigo, a kai musu rabonsu.

Wannan aiki ne da makarantar Islamiyya ɗaya, ko ƙungiyar matasa ɗaya, ko fadar sarkin zango za ta iya ɗauka da kwamfuta ɗaya da rikoda biyu. Akwai ma'ajiyar J. H. Kwabena Nketia a Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda aikinta ke nan, ana iya neman shawararsu. Laburaren Birtaniya ma yana da shirin ba da tallafi don ceto kayan tarihi da ke cikin haɗari. Su kuma mawaƙa da masu bege da ke raye, su je su yi rajista, kada su bar rabonsu a hannun wasu.

Masu sha'awa a Turai suna sayen kaset don ado, babu laifi, kuɗinsu ne. Mu namu ya wuce ado. Na gaya wa ɗalibaina kowa ya je gida ya tambayi tsofaffi ko akwai kaset a ajiye, ya rubuto mini abin da ke jikinsa. Zuwa ranar Juma'a an kawo mini suna fiye da yadda na zata, har da wanda aka rubuta da ajami. Yanzu saura rikoda. Duk mai tsohuwar National ko Sharp ko Sanyo da ke aiki, don Allah kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Akwai muryoyin da ke jiranta, har da ta kakata.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu riƙe amanar da suka bar mana.